Yadda Ake Farfaɗo da Tsohuwar Fijo 504, Daga Ƙarƙashi Zuwa Fenti

Duk wanda ke son ya fara gyaran tsohuwar mota don sha'awa a ƙasar Hausa, shawarata ita ce ya fara da Fijo 504. A Faransa ta fara fitowa a 1968, shekarar da ta biyo baya kuma aka zaɓe ta motar shekara a Turai, amma a nan wajenmu ta yi dogon zamani. Kamfanin PAN da ke Kakuri a Kaduna, wanda ya fara aiki a 1975, ya ci gaba da harhaɗa ta shekaru masu yawa bayan an daina ƙera salun ɗinta a Faransa a 1983. Shi ya sa har gobe kayanta ba su yanke ba, kuma akwai dattawan kanikawa da suka san kowane noti da ke jikinta. Injinta ba shi da kwamfuta, abin da ido ya gani shi hannu zai gyara.

Abu ɗaya nake so ka riƙe tun yanzu: fenti na cikin ayyukan ƙarshe. Yawancin 504 da aka ce an gyara, an fara musu ne daga sama, an bar ƙarƙashi yana ruɓewa. Matakan da ke ƙasa na jera su ne bisa yadda aikin ya kamata ya tafi, kada ka tsallake ɗaya don ɗokin ganin ta tana sheƙi.

Kayan aiki

Sifana da soket na milimita, daga 8 zuwa 24, domin motar Faransa ce, na inci ba za su zauna daidai ba, sai dai su cinye kan noti. Sukundireba mai baki ɗaya da mai baki huɗu, filaya, guduma ta ƙarfe da ta roba. Jak mai kyau da ƙafafun ƙarfe huɗu na tokare mota. Sifanar ɗauri mai awo, wadda ke nuna maka ƙarfin da ka ɗaure noti da shi. Fila-geji, wato siraran ƙarafan nan na auna tazara. Gejin auna kwamfireshan, mita ta auna wuta, buroshin ƙarfe, samfefa daga mai kaushi zuwa mai laushi, da ƙaramin maganaɗisu. Sai kananzir na wanke kaya, man sassauta tsatsa, giris, ledoji masu yawa, alƙalamin maka, littafin rubutu, da tukunyar kashe gobara.

In ba ka da ƙafafun ƙarfe, nemi guntayen katako masu kauri ka jera su a kwance. Bulo kam kada ka yarda da shi, yana fashewa ba tare da sanarwa ba, jak kuma aikinsa ɗagawa ne, ba a shiga ƙarƙashin mota a dogara da shi. Sifanar awo da gejin kwamfireshan ana iya aronsu ranar da ake buƙata. Littafin gyaran 504, ko tsoho ne ko an kwafo, ya cancanci a nema, domin a cikinsa ne ƙarfin ɗaurin kowane noti yake.

1. Zaɓen motar da takardunta

Kafin ka duba inji, duba takardu. Lambar shasi da ke jikin motar ta yi daidai da ta takarda, kuma mai sayarwa ya nuna maka shaidar cewa tasa ce. Motar da ta daɗe a ajiye a gidan gado, a tabbata magada sun yarda, a rubuta yarjejeniya da shaidu. Ba ka so ka gama zuba kuɗi sannan wani ya zo ya ce rabonsa ce.

Daga nan sai ka kwanta ka leƙa ƙarƙashi. Ɗaga kafet ka duba daben, musamman wajen ƙafar direba da na mai zaman gaba. Duba dogon ƙarfen da ke ƙasan ƙofofi, da wuraren da ake sa jak, da ƙasan but, da mazaunin batir, da saman da shokazoba na gaba ke ɗaure a cikin bonet, da gefen gilashin gaba a ƙarƙashin roba. Ka soka sukundireba a duk inda ka ga fenti ya kumbura. Sannan ka bi jikin motar da maganaɗisu: inda ya ƙi kamawa, fila ce aka cika, wato ƙullin da ake cike lotsawa da shi, ba ƙarfe ba.

Motar da ta yi rayuwarta a Katsina, Sakkwato ko Maraɗi ta fi wadda ta zauna a Legas ko Fatakwal lafiyar ƙarfe, saboda ƙarancin laima. Abin da rana ta ci mata shi ne dashbod da robobi da kushin, waɗannan kuwa sauƙinsu ya fi na ƙarfe. A ganina, mota mai lafiyayyen bodi da mataccen inji ta fi mai inji yana kaɗawa amma ƙasanta ya zama rariya. Inji ana samunsa, bodi mai kyau ne ke wahala. Ka kuma yi hattara da wagon mai kujeru layi uku da ta yi shekaru tana haya tsakanin garuruwa, ko fikof da ta sha lodi, domin sau da yawa an yi musu walda a kan walda.

2. Hoto, leda da littafi

Kafin ka kwance komai, ɗauki hotonsa da waya ta kowane gefe. Duk abin da ka cire, notinsa su shiga leda ɗaya, ka rubuta sunansa a jiki. Wayoyin wuta ka manna musu takarda kafin ka zare. Kada ka jefar da tsohon kaya sai sabon ya hau ya yi aiki, saboda da shi za ka je kasuwa ka gwada. Kuma kada ka wargaza motar gaba ɗaya lokaci guda. Sashe ɗaya za ka buɗe, ka gama, ka rufe. Motoci da yawa da ke zaune a bayan gareji babu ƙofa babu inji, haka aka fara da su.

3. Tayar da injin da ya daɗe a kwance

Kada ka sa batir ka murɗa makulli kawai. Fara cire fulogi huɗun, ka zuba kamar cokali ɗaya na baƙin mai a kowane rami, ka bar shi ya kwana biyu. Sai ka sa soket a notin fulin da ke gaban inji ka juya da hannu a hankali. In ya zagaya, alhamdu lillahi. In ya cije, ƙara man sassauta tsatsa ka jira, kana ɗan motsa shi gaba da baya. Jan motar da wata mota a sa giya don a tilasta masa, hanya ce ta karya ringi.

Zare sandar auna baƙin mai. In ka ga man ya koma kalar shayi mai madara, ruwa ya shiga, sai an buɗe inji. In baƙi ne kawai, juye shi, sa sabon fita, wato abin tace mai, da sabon mai 20W-50, kusan lita 4. Tsohon fetur da ke tanki ya riga ya lalace, a sauke tankin a wanke shi, a canza duk tiyon roba na mai. Don gwajin farko kana iya jawo fetur daga ƙaramin galan da aka ajiye nesa da batir da salansa, tukunyar kashe gobara kuma tana kusa da hannunka. Kada ka sa fuskarka a kan kafireta lokacin da ake buga kik, tana iya yin atishawar wuta.

Bayan ya tashi ya yi ɗumi, auna kwamfireshan na silinda huɗun. Abin da ake nema shi ne su yi kusa da juna, bambancin kada ya wuce kashi 10 cikin 100. Wanda ya faɗi ƙasa, zuba masa ɗan mai ka sake aunawa: in ya tashi, ringi ne, in bai motsa ba, bawul ne ko gasket. In babu geji, cire wayar fulogi ɗaya bayan ɗaya da filaya mai roba kana sauraro. Silindar da ka cire wa waya amma muryar inji ba ta canza ba, ita ce ba ta aiki.

4. Birki da ƙafafu

Da zarar ka san halin da inji ke ciki, bar shi ka koma birki. Man birki yana shan laima, bayan shekaru sai ya ci masta, wato famfon birki, da kalifa mai matse faifan birki daga ciki. A zubar da shi duka, a canza robobin masta da na kowace ƙafa, a canza tiyon roba ko da a ido lafiyarsu ƙalau, domin daga ciki suke toshewa. Bututun ƙarfe da ya yi tsatsa a sake shi, ba a yi masa faci. Wasu 504 faifai ne a ƙafafu huɗu, wasu kuma, musamman wagon da fikof, ganga ce a baya, don haka duba taka kafin ka sayo kaya. Ƙurar tsohon birki kada ka hura ta da iska, ka jiƙa ta ka goge, saboda tsofaffin takalman birki na ɗauke da sinadarin da ke lalata huhu.

Wajen fitar da iska, a fara da ƙafar da ta fi nisa da masta, mutum ɗaya na taka feda, ɗaya na buɗe noti. Yi amfani da man birki DOT 4, kuma ka kiyaye kada ya ɗiga a fenti.

Abin da ya sa aka san 504 da laushin tafiya a hanyar burji shi ne dogayen sifirin da shokazoba da robobinta. Canza bushin da suka tsage, duba boris na ƙafafu da tayarod da bol-join. Tayar salun mai faɗin milimita 175 ce a kan wil mai inci 14. Dubi lambobi huɗun da ke gefen taya, biyun farko mako ne, biyun ƙarshe shekara. Tayar da ta haura shekara shida, ko zanenta na nan, ba ta doguwar tafiya ba ce.

5. Inji, da maganar silif

Nan ne masu koyo suka fi yin ɓarna, don haka zan ɗan tsaya. Injin fetur na 504, ko mai cc 1796 ko mai cc 1971, a kishingiɗe yake gefe ɗaya, jikinsa baƙin ƙarfe, tof ɗinsa kuma, wato kan injin da ke rufe silinda daga sama, alminiyam. Fistin ba a cikin jikin bulok yake kai da komo ba, a cikin silif yake, wato bututu huɗu da ake zarewa, ruwan sanyaya inji na zagaye su kai tsaye. A gindin kowane silif akwai siririn abin toshewa da ke hana ruwa gangarawa cikin baƙin mai, kuma tof ne ke danne su daga sama.

Ma'anar wannan ita ce, da zarar ka cire tof, babu abin da ke riƙe da silif. In ka ɗaga tof ɗin kai tsaye sama, yana iya manne wa silif ya taso da shi. In kuma ka juya karanshaf bayan ka cire tof, fistin zai turo silif sama, toshiyar gindin ta ɓaci, ka haɗa inji ka ga ruwa a cikin mai ba ka san daga ina ba. Yadda ake yi: a bar inji ya huce sarai, a sassauta notin tof kaɗan-kaɗan daga waje zuwa tsakiya, sannan a goga tof ɗin gefe don ya rabu da gasket kafin a ɗaga. Yana sauka, a danne silif ɗin da manyan wosha da guntun bututu a ɗaure da notin tof. In za ka yi cikakken gyara ne, ka sayi silif da fistin da ringi a matsayin saiti ɗaya da sababbin abin toshewa. Kowane silif dole ya ɗan ɗara saman bulok da wata 'yar tazara da ido ba ya gani, kuma huɗun su yi kusan daidai. Wannan awon, in ba ka taɓa yi ba, ɗauko dattijon bakaniken Fijo ka biya shi ya yi a gabanka kana kallo. Amfanin wannan tsari kuwa babba ne: ba sai an kai bulok wajen masu gundura ba, canjin silif ya mayar da inji sabo.

A kai tof wajen masu injin gyaran ƙarfe su duba ko ya lanƙwashe, a kai karanshaf a auna kafin a sayi metal, wato boris ɗin da yake juyawa a kai. Duba sarƙar tayimin da abin da ke ɗame ta. Wajen mayar da tof, a ɗaure daga tsakiya zuwa waje, mataki-mataki, da sifanar awo. Ɗaurin "hannuna ya sani" shi ke ƙona gasket.

Saitin bawul ana yinsa ne inji na sanyi: na shigar mai milimita 0.10, na fitar hayaƙi 0.25. Tazarar kwantak, wato bakin da ke yanke wuta a cikin distirbita, 0.40, ta fulogi kusan 0.6. Jerin wuta 1-3-4-2 ne, amma ka lura, a Fijo silinda ta ɗaya ita ce ta wajen kuloci, kusa da direba, ba ta wajen lagireto ba. Wanda ya saba da motocin Japan yakan ƙirga daga gaba ya rikita wayoyin. Kafireta, yawanci Solex, a kwance ta a wanke da kananzir, a hura ƙananan ramukan da iska. Kada a zura musu waya, faɗaɗa su take yi motar ta koma shan mai.

6. Ruwa

Tof na alminiyam ba ya jure zafi. A kai lagireto a buɗe a wanke, a canza tiyo da marfi da fambel, a duba famfon ruwa ko yana ɗiga ko yana wasa. Wasu 504 fankarsu mai maganaɗisu ce, ba ta kamawa sai inji ya yi zafi, ka tabbata tana kamawa. Ina roƙonka abu biyu. Kada ka bari a cire tamostat da sunan ƙasarmu da zafi, domin injin da ba ya kai zafin aikinsa da wuri yana shan mai kuma yana saurin cinyewa. Kuma kada ka zuba ruwan rijiya ko na burtsatse zalla, gishirinsa ke toshe lagireto ya ci tof. Sa kulan, wato ruwan sanyaya inji na kanti. In babu, tataccen ruwan da ake ƙara wa batir, ba asid ba, ya fi, zuwa lokacin da za ka samu.

7. Wuta

Tsohuwar mota takan zo da wayoyin da rewaya goma suka taɓa, an murɗa an naɗe da leda. Bi su ɗaya bayan ɗaya, duk haɗin da aka murɗa a yi masa dalma. Goge wuraren da wayar at, wato wadda ke mayar da wuta ta jikin mota, ke kama bodi har ƙarfe ya yi fari, yawancin fitilar da ke lumshewa daga nan ne. Fis da aka maye gurbinsa da waya ko takardar sigari a cire shi yau. Inji na kaɗawa, mita ta nuna tsakanin bolt 13.5 da 14.5 a kan batir.

8. Walda, fila, sannan fenti

Kafin mai walda ya kunna wuta, a sauke tankin mai, a cire batir da kafet da kushin. Ruɓaɓɓen ƙarfe yanke shi ake yi har a kai ga mai lafiya, a sa sabon falankin ƙarfe mai kauri irin nasa. Ɗora faci a kan tsatsa ɓoye ta ne kawai, tana nan tana ci. Bayan walda a shafa jan fenti mai hana tsatsa ciki da waje, a buɗe ƙananan ramukan da ke ƙasan ƙofofi don ruwa ya riƙa fita.

Ka tsaya a kan fanel-bita ya buga ƙarfen ya miƙe, fila ta zama ta share ƙananan lotsawa kawai. Fila mai kauri tana tsagewa a zafin bazara. A cire gilasai da robobi da ƙarafan ado kafin feshi, maimakon a rufe su da takarda. Game da lokaci, feshi a fili cikin hunturu ƙura ce za ta zauna a jiki, ranar da hadari ya haɗu kuma laima na dusar da shi. Nemi rufaffen ɗaki, a yayyafa ruwa a ƙasa, a yi da safe. Ni na fi son a mayar mata da kalarta ta asali, wadda za ka gani a ƙarƙashin kafet ko cikin but. In ka canza kala ko inji, je ofishin lasin a gyara takardu.

Kushin da rufin ciki su ne bayan fenti. Ka ce wa mai ɗinki ya bi zanen tsohon, ya bar sifirin da ke cikin kujerun, laushin zamanta daga nan yake.

9. Inda ake samun kaya

Panteka a Kaduna, Ƙofar Ruwa a Kano, Ladipo a Legas da Nkpor kusa da Onica. Je da tsohon a hannu. Ƙarfe irin su ƙofa, bamba, gidan fitila da giya, tsohon na asali ya fi sabon kwaikwayo. Amma roba, gasket, boris, kayan birki da fambel, sabo kawai. In ka ci karo da matacciyar 504 mai arha kuma kana da wurin ajiya, saye ta, za ta ciyar da taka shekaru.

10. Ƙarin zamani da ya dace da ita

Ƙa'idata ita ce duk abin da za a ƙara ya zama ana iya cire shi a koma yadda take. Na farko bel na kujera masu kyau, gaba da baya, a ɗaure su a ƙarfe mai ƙarfi. Na biyu, a maye gurbin kwantak da na'urar wuta ta lantarki da ke zama cikin distirbita, motar za ta riƙa tashi da bugu ɗaya kuma ka huta da saiti, amma ka ajiye tsohon kwantak a but. Na uku, rile, wato ƙaramin makunni mai ɗauke wa babban nauyin wuta, a fitilun gaba, haske zai ƙaru, makunnin kuma ya daina zafi. Fankar lantarki a gaban lagireto na taimakawa a cunkoson gari, kuma dole ce in za ka sa AC, tare da otaneta mai ƙarfi. Giya biyar ta 505 tana rage kukan inji a hanyar Kaduna zuwa Kano, sai dai aikin ya shafi farfela da bututun da take ciki, a ba wanda ya taɓa yi. Cire injinta a sa na wata mota kuwa ban goyi baya ba. Motar da ta ci gasar Safari ta Kenya a 1975 ba ƙarfi ta rasa ba, kuma da an yanka mazaunin inji, darajarta ta tafi.

11. Kilomita 1,000 na farko

In an sake inji, a bi shi a hankali: kada a wuce kilomita 80 a awa, kada a yi lodi, kada a bar shi yana kaɗawa a tsaye na dogon lokaci. Fara da zagayen unguwa, ka dawo ka leƙa ƙasa ko akwai ɗigo, ka taɓa kowane wil ka ji ko wani ya fi sauran zafi, alamar birki na kamawa ke nan. Kowace safiya duba mai da ruwa, idonka kuma na kan allurar zafi. Da ta cika kilomita 1,000, juye baƙin mai da fita, a bar inji ya kwana ya huce, a sake ɗaure notin tof da sifanar awo, a sake saita bawul. Daga nan a fitar da ita aƙalla sau ɗaya a mako ta yi tafiyar da za ta yi zafi sosai, a ajiye ta a inuwa, in kuma za ta daɗe ba a hau ba a cire kan batir a bar ta a giya maimakon birkin hannu.